Jini, Hali da Ƙaddara a Adabin Holan: Tambayoyi da Amsoshi

Tsakanin 1885 da 1910 marubutan ƙasar Holan da na yankin Flanders a arewacin Beljiyam, waɗanda duk harshe ɗaya suke rubutu da shi, sun fitar da littattafan da har yau ake karantar da su a makarantunsu. Kusan dukkansu tambaya ɗaya suke zagayawa: shin mutum yana da ta cewa a kan abin da zai zama, ko kuwa an gama da shi tun kafin ya buɗe ido? Ga tambayoyin da mai shirin nazarin wannan adabi ya fi yi.

Mene ne naturalizim, kuma daga ina ya taso?

Daga Faransa ya taso, kuma Émile Zola ne ubansa. Tsakanin 1871 da 1893 ya rubuta littattafai 20 a kan zuriya ɗaya, Rougon-Macquart, yana bin diddigin yadda shaye-shaye, taɓin hankali da haɗama ke gangarowa daga kaka zuwa jika. A 1880 ya fitar da rubutun da ya yi da'awar cewa marubuci tamkar likita ne a ɗakin gwaji: ya ɗauko mutum mai jini kaza, ya ajiye shi a unguwa kaza, ya zuba ido ya rubuta abin da ya faru, ba ya yabo ba ya zagi. Wannan tunani ya aro shi ne daga likita Claude Bernard, da kuma masani Hippolyte Taine wanda ya ce abubuwa uku ke ƙera mutum: asalinsa, muhallinsa da zamaninsa. Littafin Darwin na 1859 kuma yana bayan fage.

Bambancinsa da rubutun da ke kwaikwayon zahiri kawai shi ne wannan da'awa ta kimiyya. Wancan yana nuna maka yadda mutane ke rayuwa. Wannan yana cewa zai nuna maka dalilin da ya sa ba yadda za su yi su rayu ta wata hanyar.

Yaushe ya shiga Holan, kuma su wa suka shigo da shi?

Jan ten Brink ya rubuta littafi a kan Zola a 1879, amma wutar ba ta kama sosai ba sai da matasan da ake kira 'yan tamanin suka kafa mujallar De Nieuwe Gids a Amsterdam a 1885. Willem Kloos, Frederik van Eeden, Albert Verwey, Willem Paap da Frank van der Goes ne suka kafa ta. Sun gaji da adabin da limaman coci suka mamaye, inda nagari ke samun lada, mugu ya ga sakayya, kowa ya rufe littafi da darasi a hannu. Frans Netscher ya fitar da gajerun labarai a 1886. A 1887 Lodewijk van Deyssel ya fitar da Een liefde, labarin Mathilde da mijinta Jozef wanda soyayyarsa ta huce bayan aure, aka yi ca a kansa saboda yadda ya fito fili da sha'anin jiki, har a bugu na biyu ya zare wasu wurare. Daga nan sai Louis Couperus da Eline Vere a 1889, Marcellus Emants da Een nagelaten bekentenis a 1894, Herman Heijermans a dandalin wasan kwaikwayo, Cyriel Buysse a Flanders.

Ta yaya zan gane littafin wannan salo in na gan shi?

Manazarci Ton Anbeek ya fitar da littafi a 1982 inda ya jera alamomin da ɗalibai suke haddacewa har yau. Tauraron labarin yakan zama mai raunin jijiya, abu kaɗan ke girgiza shi, ga dogon buri ga gajeriyar juriya. Labarin yakan tashi daga fata ya sauka a kan yankewar ƙauna. Akan ba da tarihin iyaye da wuri don ka san inda cutar ta fito. Akwai ƙyamar masu rufin asirin gari da munafuncinsu, akwai taɓo abin da ake jin nauyin faɗa, kuma mai ba da labari yakan ja bakinsa ya bar ka cikin kan tauraron, kana jin tunaninsa ba tare da an ce maka “ya yi tunani cewa” ba.

Jeren yana da amfani wurin shiga jarrabawa. Wurin fahimta kuwa yana iya zama tarko, domin ɗalibi kan riƙe shi ya yi ta duba littafi yana sa alama, ya gama bai lura da inda marubucin ya saɓa wa ƙa'idar da gangan ba, alhali nan ne daɗin yake.

Abu ɗaya da ya raba na Holan da na Faransa: Zola ya shiga ramin haƙar kwal da kasuwa da gidan giya, yana sarrafa ɗaruruwan mutane. Mutanen Holan sun fi shiga falo, su rufe ƙofa, su zauna da mutum ɗaya da damuwarsa.

Ƙaddarar da suke magana a kai, ita ce wadda Musulmi ya sani?

A'a, kuma gara a raba su tun da wuri. Musulmi in ya ce ƙaddara, yana nufin ilimin Allah da hukuncinsa, akwai hikima a ciki ko da bawa bai gano ta ba, akwai addu'a, akwai hisabi a kan abin da mutum ya zaɓa. A waɗannan littattafai babu mai hukuntawa. Abin da ke jan mutum shi ne jinin uba, tarbiyyar gida, kuɗi ko rashinsu, da idon jama'a. Ba ya nufin kowa da alheri ko sharri, ba a roƙonsa, ba ya ji. Shi ya sa haƙuri a cikinsu ba ya zuwa da natsuwa, sai dai gajiya.

Duk da haka wanda ya karanta muhawarar Jabariyya da Ƙadariyya a ilmin tauhidi ba zai ji baƙunta ba. Matsalar da malamai suka kama Jabariyya da ita, cewa in mutum ba shi da zaɓi to da wane dalili za a tuhume shi, ita ce dai matsalar da ke cin waɗannan marubuta, sai dai su a gaban alƙali da maƙwabta suke yin ta.

Me ya kashe Eline Vere: gado, muhalli, ko ita da kanta?

Wannan ita ce tambayar da aka fi yi wa ɗalibai, kuma Couperus ya tsara littafin yadda kowace amsa za ta samu hujja. An fara buga shi kashi-kashi a jaridar Het Vaderland ta birnin Hague a 1888, mutanen garin suna bi kamar labarin 'yar maƙwabta.

Eline marainiya ce, kyakkyawa, mai murya, tana zaune a gidan yayarta Betsy da mijinta Henk van Raat. Betsy ta ɗauko uwarsu, mace mai tsayawa da ƙafarta. Eline ta ɗauko ubansu, mutum mai son zane wanda ya yi ta fara manyan ayyuka bai gama ba. Ga hujjar gado ke nan. Hujjar muhalli kuwa ita ce rayuwar 'yar manya a Hague ta lokacin: ziyara, liyafa, gidan waƙa, sauya tufafi, babu aikin da ake jira daga gare ta sai ta yi aure.

A dubi abin da ya faru tsakaninta da mawaƙin opera Fabrice. Ba ta taɓa magana da shi ba. Ta gan shi a dandali cikin kayan wasa, ta shiga sayen hotunansa a ɓoye tana tarawa a kundi, tana fita yawo da sassafe don kawai ta gilma shi a hanya. Ran da ta gan shi yana waƙa cikin kwat, babu kwalliya babu fitilun dandali, sai ta ga wani ƙato mai teɓa kamar kowa. Ta koma gida ta cusa hotunan a wuta. Duk abin da zai same ta daga baya yana cikin wannan ƙaramin al'amari: ita ke gina abu a kanta, ita ke rushe shi da zarar ya taɓa ƙasa.

Sai Otto van Erlevoort ya zo, mutum natsattse mai sonta da gaskiya, aka yi baiko. A gidan gonar dangin Otto, De Horze, ta samu kwanciyar hankalin da ba ta taɓa samu ba. Wani dare ta roƙi Allah kada wannan daɗi ya ƙare, kuma daga wannan roƙo ne tunanin cewa zai iya ƙarewa ya shige ta, bai sake fita ba. Ga ɗan baffanta Vincent Vere, malalaci mai yawon duniya da cin bashi, wanda ke kama da mahaifinta, yana zaune a gidan yana mata huɗubar cewa ba wanda ke da iko da komai, kowane abu sarƙa ce ta dalilai. Ta rubuta wa Otto takardar fasa aure, ta ba bara ya kai gidan waya, tana jin ƙarar ƙofa ta fara nadama. Daga nan sai gangara: faɗa da Betsy, fita cikin hadari da tsakar dare, yawo a ƙasashe, tari, rashin barci, ɗigon mofin. Ba'amurke St. Clare, wanda bai yarda da zancen ƙaddara ba sam, ya nemi aurenta ya ce za ta iya tashi, ta ƙi. Ta mutu ita kaɗai a ɗakin haya bayan ta sha ɗigon da ya wuce kima, kuma Couperus bai ce mana ƙarara ta yi niyya ko barci kawai take nema ba.

A ganina amsar da ta fi ƙarfi ita ce wadda ke lura da cewa Eline ba ta fara rushewa gadan-gadan ba sai da ta karɓi bayanin Vincent. Gado ya ba ta rauni, muhalli ya hana ta abin yi, amma imanin cewa ba makawa shi ya hana ta miƙa hannu a duk lokacin da aka miƙo mata. Kuma littafin bai ƙare da gawarta ba: Otto ya samu wata budurwa, Marie, sannan Paul ƙanin Henk da Frédérique ƙanwar Otto sun daidaita. Gari ɗaya, falo ɗaya, wasu sun rayu.

Wane ne ke yawan ambaton ƙaddara a cikin labaran?

Wannan tambaya ta fi “shin akwai ƙaddara a littafin?” amfani nesa ba kusa ba. In ka bi a hankali za ka ga mai ba da labari ba shi ya fi furta kalmar ba. Mutanen cikin labarin ne, kuma galibi wanda ke da abin da zai ci in an yarda.

Littafin Couperus na 1890, Noodlot, wanda sunansa ma ƙaddara yake nufi, shi ne misali mafi bayyana. Frank Westhove yana zaune a Landan cikin wadata, sai ga abokinsa na yarinta Bertie ya ɓullo cikin dusar ƙanƙara a tsumma. Frank ya ɗauke shi, ya tufatar da shi, ya ciyar da shi. Da Frank ya haɗu da Eve a tafiyarsu ta Norwe aka yi baiko, Bertie ya ga tuwonsa zai ƙare. Sai ya shiga zuba wa Eve shakka a hankali, ya sayi baran gidan su Eve ya riƙa tare wasiƙun Frank. Kuma a duk matakin da ya taka yana gaya wa kansa cewa shi ba komai ba ne, haka aka yi shi, abin ne ke tura shi. Da asiri ya tonu a Scheveningen, bakin teku kusa da Hague, Frank ya doke shi har ya mutu, ya yi zaman kurkuku, daga baya shi da Eve suka sha guba. Mutumin da ya fi kowa cewa ba shi da zaɓi shi ne ya fi kowa tsara makirci dalla-dalla. Littafin yana da zuzutawa, bai kai Eline Vere ba, amma wurin koyon wannan dabara ba kamarsa.

Za a iya yarda da Willem Termeer?

Een nagelaten bekentenis, wato ikirarin da aka bari a baya, ya buɗe da jimlar da kusan duk ɗalibin adabi a Holan ya sani: “Matata ta mutu, har an binne ta.” Mai maganar Termeer ne, kuma shi ya kashe ta. Sauran littafin bayani ne na yadda aka kai ga haka, daga bakinsa shi kaɗai.

Ya ce ubansa fasiƙi ne da ya ƙare a gidan mahaukata, uwarsa ba ta da ɗumi, shi kuma ya taso matsoraci, maƙaryaci, ba ya jin daɗin komai sai na ɗan lokaci. Ya auri Anna, 'yar wanda ya riƙe masa dukiya, da fatan aure zai mai da shi mutum kamar kowa. Bai yi ba. 'Yarsu ta rasu tana ƙarama, ya ji sauƙi a ransa maimakon baƙin ciki, kuma ya faɗa. Anna ta ƙi rabuwa da shi saboda tana ganin zama wajibi ne, shi kuma ya kamu da son wata Carolien wadda kuɗinsa take so. Ya ƙarasa Anna da maganin barcinta.

Emants, wanda tunanin masanin falsafar Jamus Schopenhauer ya yi wa tasiri, ya yarda da gadon hali ƙwarai, don haka ba za a ce ya rubuta littafin don ya ƙaryata Termeer ba. Amma ya zaɓi ya sa labarin a bakin mai laifi, abin da ya saɓa wa ƙa'idar Zola ta tsayawa gefe, kuma wannan zaɓi ya buɗe ƙofar da ba ta rufuwa. Duk abin da muka sani game da uban, daga Termeer muka ji. Duk sanyin Anna, shi ya auna mana. Mutum ne mai tsananin gaskiya a kan ƙazantarsa, kuma wannan gaskiyar ce ke sa ka saki jiki har ka karɓi uzurinsa. Hausawa na cewa hali zanen dutse. Termeer zai sa hannu a kan wannan karin magana da murna, domin in zane ne a dutse to ba shi ya zana ba. Aikin mai nazari shi ne ya riƙe abu biyu a lokaci guda: mai yiwuwa gaskiya yake faɗa, kuma tabbas gaskiyar tana yi masa aiki.

Ba aƙidar Calvin ba ce ta dawo a sabuwar riga?

Ana yawan faɗin haka, kuma akwai abin dubawa. Taron da majami'un mabiya Calvin, malamin Kiristocin Furotesta, suka yi a birnin Dordrecht a 1618 zuwa 1619 ya tabbatar da cewa Allah ya riga ya zaɓi masu tsira tun azal, kuma wannan koyarwa ta daɗe a ƙasar. Sai dai in ka dubi marubutan ɗaya bayan ɗaya bayanin yana yin rauni. Van Deyssel ɗan babban gidan Katolika ne. Heijermans daga gidan Yahudawa ya fito. Couperus ɗan gidan manyan ma'aikatan mulkin mallaka ne, ya yi yarintarsa daga 1872 zuwa 1878 a Batavia, wato Jakarta ta yau. Abin da suka karanta Zola ne da Flaubert da Ibsen da Tolstoy da littattafan likitoci. Za ka iya cewa masu karatu a Holan kunnensu ya saba da zancen abin da aka riga aka yanke, amma kada ka gina makala a kan cewa daga coci marubutan suka ɗauko shi.

Me ya sa mata suka fi yawa cikin masu rushewa?

Likitancin lokacin ya ɗauka mace ta fi saurin kamuwa da ciwon jijiya, kuma marubutan sun sha daga wannan rijiya. Amma akwai dalili na doka da na aljihu. Matar aure a Holan ba ta da ikon ƙulla yarjejeniya ko sarrafa dukiya ba da izinin miji ba, kuma ba a soke wannan doka ba sai 1956. Mata ba su samu ƙuri'a ba sai 1919. Aletta Jacobs, mace ta farko da ta zama likita a ƙasar, ta shiga jami'ar Groningen a 1871, kuma shekaru da yawa irinta ba su da yawa. 'Yar manya irin Eline aiki abin kunya ne gare ta. Saboda haka abin da littafin ya kira rauni na jini, mai karatu na yau yana iya ganin rabinsa ƙofofi ne da aka kulle. Tun a lokacin ma an ba da wannan amsa: Hilda van Suylenburg na Cécile Goekoop, wanda ya fito a 1897 ya kuma yi kasuwa sosai, ya nuna budurwar Hague da ta karanta lauya ta tsira daga zaman banza.

Talakawa fa, ba su da wuri?

Suna da shi, musamman a dandali da kuma Flanders. A ranar 24 ga Disamba 1900 aka fara nuna Op hoop van zegen na Heijermans a Amsterdam. Sunan wani jirgin kamun kifi ne, ma'anarsa fatan albarka. Kniertje gwauruwa ce, teku ta riga ta cinye mijinta da 'ya'yanta biyu, saura Geert da Barend. Jirgin ruɓaɓɓe ne, mai gyaran jirage Simon ya faɗa, mai jirgin Clemens Bos ya sani, amma akwai inshora. Barend yana tsoron teku, ya ji zancen ruɓewar, ya ƙanƙame ƙofar gida yana kuka, 'yan sanda suka ɓamɓare shi suka kai shi jirgi, uwarsa na taya su don kada a ce ɗanta rago ne bayan an karɓi kuɗin somin-taɓi. Jirgin ya nutse da su duka. A fage na ƙarshe Kniertje ta fita daga ofishin Bos riƙe da kwanon ragowar nama da matarsa ta aiko mata.

A nan zancen ƙaddara ya juya. Matan ƙauyen suna cewa teku ce, nufin Allah ne, kifi da tsada ake biyansa. Heijermans ɗan gurguzu ne, yana so mai kallo ya ga cewa ba teku ba ce, sa hannun mutum ne a kan takarda. A 1909 aka yi dokar duba lafiyar jiragen ruwa a Holan, kuma ana yawan ambaton wasan in ana zancenta.

Buysse kuwa, a Het recht van de sterkste na 1893, ya shiga ƙauyen Flanders inda duka da fyaɗe da giya suke abin yau da kullum, ya bi Maria daga hannun mijinta Reus Balduk har kabari. Shi ne ya fi kusa da Zola a cikinsu duka.

Ina De stille kracht ya faɗa a wannan lissafi?

Ya fita daga naturalizim tsantsa, amma ba a nazarin ƙaddara a wurin Couperus a tsallake shi. Ya rubuta shi a tsibirin Jawa na Indunusiya, wanda Holan ke mulka a lokacin, ya fito a 1900. Van Oudijck Razdan ne a wani lardi ƙagagge, Labuwangi, yana mulki ta hannun sarakunan gargajiya, tsarin da wanda ya san tarihin Razdan da Sarki a Arewa zai gane nan take. Mutum ne mai aiki da hankali, bai yarda da abin da ba a gani ba. Ya tuɓe wani basarake mashayi ɗan caca duk da roƙon uwar gidan sarautar, daga nan gidansa ya rikice: jifa daga inda ba a sani ba, wasiƙu marasa suna, sai kuma daren da matarsa Léonie ke wanka aka yi ta feso mata jan yawun ganyen sirih, wanda ake taunawa kamar goro, ba a ga mai tofawa ba. Ya shawo kan abin a zahiri, amma zargi ya shige shi, iyalinsa suka watse, ya ajiye aiki ya koma ƙauye.

Mai karatu Musulmi zai lura da wani alhaji mai fararen kaya da ke gilmawa a labarin, da kuma taron tarbar alhazai a tashar jirgin ƙasa a ƙarshe. Couperus yana nuna tsoron da Turawan mulki ke yi wa Musulunci a matsayin ƙarfin da ba su iya shiga cikinsa ba. Ya hango cewa mulkin ba zai ɗore ba, kusan rabin ƙarni kafin Indunusiya ta samu 'yanci, amma ya yi hakan ne ta hanyar mai da mutanen Jawa abin al'ajabi maimakon mutane masu dalilai na siyasa. Duka biyun abin rubutawa ne.

A Van oude menschen na 1906 kuma ƙaddara ta zama tsohon laifi: kisan da aka yi a Jawa shekara 60 da suka wuce, tsofaffi biyu a Hague suna zaton ba wanda ya sani sai su da tsohon likitansu, alhali asirin yana tsiyaya cikin 'ya'ya da jikoki.

Akwai wanda ya kuɓuta a cikinsu?

Hedwig ta Van de koele meren des doods, littafin Van Eeden na 1900. Van Eeden likitan ƙwaƙwalwa ne, ya buɗe asibitin jinya ta hanyar magana a Amsterdam a 1887 tare da likita Van Renterghem. Ya ba Hedwig duk abin da ke kashe tauraruwar naturalizim: uwa ta mutu da wuri, uba ya faɗa giya, auren da babu kusanta, gudu da makaɗin piyano, mutuwar jaririya, haukacewa, mofin da karuwanci a Faris. Sannan ya haɗa ta da wata 'yar zuhudu mai jinya, Paula, ya tashe ta, ta koma Holan ta ƙare rayuwarta tana hidima a gidan manoma. Da kayan aikin Zola ya yi gardama da Zola. Wasu na ganin tsirar ta zo da sauƙi fiye da kima. Ni ina ganin tsawon wahalar da ya sa ta sha kafin nan ya biya kuɗinta.

Karakter na Bordewijk yana cikin wannan salo?

Ba ya ciki. Ya fito a 1938, jimlolinsa gajeru ne busassu, na wani zamani daban. Amma ana haɗa su a darasi saboda ya ɗauki tambayar ya kifa ta. Katadreuffe ɗan gaba da fatiha ne a Rotterdam. Ubansa Dreverhaven jami'in kotu ne mai karɓo bashi da fitar da 'yan haya, mara tausayi. Uwarsa Joba ta ƙi aurensa, ta ƙi kuɗinsa, ta yi ta mayar masa. Yaron ya ci bashi bai san bankin na ubansa ba ne, uban ya yi ta maka shi a kotu a kan karayar arziki, shi kuma ya yi ta karatu da dare har ya zama lauya. Da ya je ya gaya wa uban cewa duk da adawarsa ya kai, sai tsohon ya ce ko kuwa taimakonsa ya yi. A nan gado taurin kai ne daga ɓangarorin biyu, kuma shi ya kai yaron sama. Abin da ya biya shi ne Lorna te George, matar da ta so shi ya bari ta wuce yana kan littafi. Fim ɗin da Mike van Diem ya yi daga littafin ya ci Oscar a 1998.

Yaushe salon ya mutu?

Van Deyssel da kansa ya yi shelar mutuwarsa a 1891, shekara huɗu kacal bayan Een liefde. Shelar ta yi gaggawa: Emants, Heijermans, Buysse, Frans Coenen da Johan de Meester duk sun yi manyan ayyukansu bayanta. Abin da ya mutu da wuri shi ne da'awar kimiyya.

Ban iya Holanci ba. Daga ina zan fara?

Da Emants, domin gajere ne kuma J.M. Coetzee na Afirka ta Kudu, wanda ya ci kyautar Nobel a 2003, ya fassara shi zuwa Ingilishi tun a shekarun 1970. Sai Eline Vere a fassarar Ina Rilke ta 2010. Tsofaffin fassarorin Couperus da Alexander Teixeira de Mattos ya yi suna nan kyauta a Project Gutenberg, sai dai a sani fassarar wancan zamani takan tausasa wuraren da suka shafi jiki. Wanda ya fara koyon harshen zai samu asalin rubutun kyauta a DBNL, ɗakin karatun adabin Holan na intanet. Rubutun kafin gyaran ƙa'ida na 1934 da 1947 ne, za ka ga “menschen” inda yau ake rubuta “mensen”, amma ido na sabawa da wuri.

In zan rubuta makala, me zan guje wa?

Kada ka rubuta cewa littafin “ya tabbatar” mutum ba shi da zaɓi. Ƙagaggen labari ba ya tabbatar da komai, marubucin ne ya zuba jinin ya kuma zuba sakamakon. Kada ka ɗauki maganar Vincent ko Bertie ko Termeer ka sa a bakin Couperus ko Emants. Kuma kada ka yi wa Eline gwajin asibiti da sunayen cututtukan yau, ka tsaya a kan abin da likitocin 1888 suka sani.

Abin da ke aiki shi ne ka zaɓi fage ɗaya inda mutum ke da hanya biyu a gabansa, kamar daren da Eline ta miƙa wa bara wasiƙa, ko lokacin da Kniertje ta tsaya tsakanin Barend da 'yan sanda. Ka duba wa ke magana a wurin, mai ba da labari ne ko tunanin tauraron ne ya saje da muryarsa. Ka duba ko an nuna wata hanyar a buɗe, da wanda ya nuna ta. Sannan ka nemo wani a littafin mai jini iri ɗaya ko hali iri ɗaya da bai faɗi ba, kamar Betsy kusa da Eline, ka gwada su. Shafi biyu na irin wannan karatu sun ishi babi guda, kuma a nan ne za ka buƙaci asalin Holancin ko da jimla biyar ne, domin mai fassara yakan ƙara “ta ji cewa” a inda Couperus bai sa ba.